Kafin Ka Nemi Jari, Nemi Wanda Zai Nuna Maka Kasuwa

Kamar yadda muka saba, ga shi mun rubuto muku shirin gaba ɗaya saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Tun da muka yi maganar rashin aikin yi a makon jiya saƙonni suke ta shigo min, kuma kusan duk magana ɗaya ce: "Ina son fara sana'a amma ba ni da jari." Wata 'yar uwa kuwa ta yi tambayar da ta fi tsaya min a rai. Ta ce ita ta tara ɗan abin da ta tara, amma tsoro take ji ta zuba shi ya narke, wa zai nuna mata hanya? To yau a kan wannan za mu tsaya: yadda matashi zai samu jagora nagari a harkar kasuwanci. 'Yan boko yanzu suna ce masa "mento". Mu kuwa muna da shi tun kafin a haifi kakanninmu, shi ne ubangida, ko uwarɗaki, ko jagora.

Bari in fara da kaina, don kada ku ce daga littafi nake karanto muku.

YADDA NA BIYA KUƊIN MAKARANTA

Ni tattalin arziki na karanta a jami'a. Lokacin da na yi bautar ƙasa alawus ɗinmu naira 33,000 ne, kuma na matse bakin aljihu na tara wani abu a ciki. Ana saura wata biyu in gama sai na ci karo da wani a intanet, kullum hotonsa a jikin mota, yana cewa zai koya wa matasa sirrin kasuwancin hatsi. Na biya, aka saka ni a wani zaure na WhatsApp. Karatun mako biyu aka yi, amma in ka tace shi jimla ɗaya ce: ka sayi hatsi da kaka yana araha, ka ajiye, ka sayar da bazara ya yi tsada.

Na ga ai lissafin ya fita. Na haɗa kuɗina, mahaifiyata ta ɗauki adashinta ta ƙara min, na sayi wake buhu 12. Na jibge su a wani ɗaki a gidanmu, a kan siminti, cikin buhunan da na sayo su. Na kulle ina jiran riba.

Bayan kamar wata huɗu na buɗe. Wallahi tun daga bakin ƙofa na ji wani irin wari. Na zura hannu a buhun farko, sai gari. Ƙwari sun huda waken nan sun yi masa rariya. Na tura wa malamin namu na intanet saƙo, ya karanta, bai ba ni amsa ba har yau. Abin da ya fi yi min ciwo ba kuɗina ba ne, na tsohuwa ne. Ba ta ce min komai ba, sai "Allah ya mayar da alheri." Na fi son a ce faɗa ta yi min.

Na kwashi waken na kai Dawanau ko zan tsira da wani abu. A nan aka haɗa ni da wani dattijo, zan kira shi Baba Alhaji. Ya ɗebi waken ya duba, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ya ce, "Yaro, wa ya saya maka?" Na ce, "Ni da kaina, Baba." Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na yi shiru. Ya ce, "Wannan bai gama bushewa ba aka zuba shi a buhu, kuma an gauraya maka da tsohon wake. Ba asara ka yi ba, kuɗin makaranta ka biya. Sai dai makarantar ta yi tsada."

Cikin minti biyu mutumin da bai taɓa shiga ajin boko ba ya gaya min abin da digirina da ajin WhatsApp suka kasa gaya min. Kun ga inda maganar take?

MENE NE AIKIN JAGORA?

Kuskuren da muka fi yi shi ne, da mun ce muna neman ubangida, a zuciyarmu mai kuɗi muke nema wanda zai ba mu jari. Shi ya sa manya suke gudunmu. Da sun ga matashi da fayil a hannu sun san ƙarshen zancen.

Jagora shi ne mutumin da ya riga ka bin hanyar da kake son bi, ya faɗa ramukanta, ya fita, kuma ya yarda ya nuna maka inda suke. Shi kenan. In ya ƙara maka da jari daga baya, wannan gyara ce.

Ku tuna labarin Abdurrahman bin Auf. Da ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, bai karɓa ba, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, ya zama cikin manyan attajiran zamaninsa.

A ƙasar Hausa ma haka tsarin yake tun zamanin fatake. Yaro ba ya tashi rana ɗaya ya ce zai je Gwanja saro goro. Ayari yake bi, a ƙarƙashin madugu, ya yi shekaru yana ɗaure kaya yana kwancewa, yana ganin inda ake yada zango da yadda ake magana da masu karɓar fito. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, cikin wannan fataucin na goro ya taso kafin ya shahara a harkar gyaɗa. Mu kan so mu ba da labarin rancen da Aliko Ɗangote ya samu daga dangin mahaifiyarsa a wajajen 1977, amma mu kan manta a hannun kakansa Sanusi Ɗantata ya tashi, yana ganin ciniki tun yana ƙarami. Abdussamad Rabi'u ma sai da ya riƙe harkokin mahaifinsa, Khalifa Isyaka Rabi'u, kafin ya kafa BUA a 1988. Kuɗin sun tarar da mutanen da aka riga aka koya musu riƙe kuɗi.

Mu da ba a haife mu a irin waɗannan gidaje ba, dole mu fita mu nemi wanda zai yi mana wannan tarbiyyar.

A INA AKE SAMUNSA?

Na farko, ka fara tsayar da sana'ar tukuna. Ba a cewa "ina son in yi bizines" kawai. Wane? In atamfa da shadda ne, malamanka suna Kantin Kwari. In kayan masarufi ne, suna Singa. Hatsi, Dawanau. Waya, Farm Centre. Kayan gini, Ƙofar Ruwa. Na kawo misalin Kano ne don nan na sani, amma kowane gari yana da nasa. Wanda ya ƙware a shadda ba lallai ya san ciwon kaji ba.

Na biyu, ka duba kusa da kai kafin ka hangi nesa. Mu matasa muna da wata cuta, kowa so yake Ɗangote ya zama jagoransa. Ɗan uwa, ko ka samu ganinsa, matsalarsa ta jiragen ruwa ce da matatar mai, taka kuwa ta buhu biyar ce. Wanda zai fi yi maka amfani shi ne wanda ya girme ka a sana'ar da shekara biyar zuwa goma sha biyar, wanda bai manta yadda ake farawa da ƙaramin jari ba. Wataƙila sahu ɗaya kuke sallah da shi. Wataƙila ƙanwar mahaifiyarki ce da ta shekara ashirin tana sayar da kayan ɗaki daga cikin gida, ta aurar da 'ya'ya da sana'ar, amma ba ki taɓa kallonta a matsayin malama ba saboda ba ta da shafi a Instagram.

Na uku, akwai ƙungiyoyi da shirye-shirye. Kusan kowace kasuwa tana da ƙungiyar 'yan kasuwa, shugabanninta sun san waye waye. Akwai cibiyoyin 'yan kasuwa irin su KACCIMA a Kano da KADCCIMA a Kaduna, masu shirya baje koli duk shekara. Akwai SMEDAN, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Akwai shirin Gidauniyar Tony Elumelu da aka fara a 2015, wanda yake ba da horo da jagoranci da jarin dala 5,000 ga waɗanda suka yi nasara, kuma cike shi kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi don ya saka sunanka ɗan damfara ne. Waɗannan suna da amfani wajen koyon tsara lissafi da rajista da neman tallafi. Amma ba za su maye maka gurbin mutumin da yake zaune a cikin kasuwar ba. In ka samu biyun, ka haɗa.

YAYA ZA KA GANE NAGARI?

Kada ka tambaye shi, ka tambayi kasuwa. Ga abubuwa huɗu da nake dubawa.

Ɗaya, ina yaransa? Wannan ita ce babbar alama. Mutum ya shekara ashirin a kasuwa, yara nawa ya yaye suka buɗe nasu? In ka ga an nuna maka shago uku huɗu an ce duk daga hannunsa suka fito, kuma har yau suna zuwa gaishe shi, ka riƙe shi da kyau. In kuwa yaransa sun yi furfura a bakin shagonsa ba wanda ya taɓa tsayawa da ƙafarsa, kai ma layin za ka bi.

Biyu, me masu ƙaramin ƙarfi suke faɗa a kansa? Ka tambayi 'yan dako, da direbobi, da mai shayin layin. Yana biyan lebura kafin guminsa ya bushe? Mudunsa cikakke ne? In ya ce gobe, goben ce? Su ba su da dalilin yi masa kwalliya.

Uku, ya taɓa faɗuwa, kuma yana iya ba da labarin? Wanda ya ga canjin kuɗi na farkon 2023, ya ga cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ya ga tashin dala, kuma shagonsa yana buɗe har yanzu, akwai abin da ya sani. Duk wanda labarinsa riba ce zalla, ko dai sabo ne ko maƙaryaci.

Huɗu, yana iya ce maka a'a? Wanda duk shawarar da ka kawo zai ce "ta yi kyau, Allah ya sa albarka", sallamarka yake yi cikin mutunci. Jagora na gaske zai ɓata maka rai wani lokaci.

Sannan ga waɗanda za ka guje wa. Wanda ya ce ka kawo kuɗinka ya juya maka, riba tabbas duk wata. Babu tabbas a kasuwa, kuma mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. Wanda ba ka san shagonsa ko ofishinsa ba, sai hotunan mota da otal. Wanda sana'arsa kaɗai ita ce koyar da sana'a. Ba na cewa duk ajin da ake biya damfara ne, akwai na ƙwarai, amma ka tambaya: shi me yake sayarwa ban da ajin? Da kuma wanda zai koya maka algus ko tauye mudu ya ce maka wai dabarar kasuwa ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

YAYA ZA KA TUNKARE SHI?

A nan da yawanmu muke ɓata rawarmu da tsalle. Kada ka tura wa mutum saƙo ka ce, "Ina so ka zama mento ɗina." Nauyi ka ɗora masa wanda bai san iyakarsa ba.

Ka nemi wanda zai gabatar da kai, wanda yake jin nauyinsa. A al'adarmu "ɗan wane ne" tana buɗe ƙofar da takarda ba ta buɗewa. Ka je lokacin da kasuwa ba ta ci ba, kada ka tsaya masa a ka yana tsakiyar ciniki. Ka zo da tambaya ɗaya ƙarama wadda ta nuna ka yi naka ƙoƙarin. Kuma don Allah kada ka yi zancen kuɗi.

Ni abin da na ce wa Baba Alhaji shi ne, "Baba, in ba damuwa, ina so in riƙa zuwa ina zama a nan ina ganin yadda ake yi. Duk aikin da ya samu a sa ni." Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko zai iya ƙura kuwa? To ka zo gobe ƙarfe bakwai." Na zo bakwai saura. Shi bai iso ba sai tara. Daga baya yaransa suka gaya min da gangan ya yi, ya sa a duba masa ko zan jira.

Mako uku na farko bai koya min komai da baki ba. Ƙirga buhu, rubuta rasit, aike. Ina jin zuciyata tana cewa, kai da digirinka? Sai in tuna adashin tsohuwa in yi shiru.

A hankali sai na gane ni ma ina da abin ba shi. Yana da kwastomomi a Legas da suke turo saƙo da Turanci, na karɓi wannan. Na nuna wa yaransa yadda za su tabbatar kuɗi sun shiga asusu kafin a saki kaya, kada a tsaya ga saƙon waya kawai. Na mayar da littafin bashinsa tsaf, kowa da shafinsa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Wannan ita ce ƙa'idar: ka zama mai amfani, ilimin zai zo da kansa.

ABIN DA NA KOYA A WAJENSA

Kaɗan daga ciki, don ku ga irin ilimin da nake nufi. In za ka sayi hatsi kada ka yarda da na bakin buhu, ka soka ƙarfe ka ɗebo daga tsakiya da ƙasa. Ka ciza ƙwayar, busasshiya za ta fashe da ƙara, mai danshi za ta lotsa. Ba a ajiye buhu a kan siminti ko a jingine da bango, sai an shimfiɗa katako. Wake kuwa, in zai daɗe, a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake kira PICS, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. In ka ɗaure kowace leda daban iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba sai an zuba magani ba. Ni da na yi jami'a ban san da shi ba, dattijon nan ya daɗe yana amfani da shi.

Ya koya min lissafin da ba na yi: kuɗin dako, kuɗin mota, la'adar dillali, hayar sito, haraji, duk a kan kowane buhu suke hawa. Ya ce aljihun kasuwa daban, aljihun gida daban. Ya ce kada ka zuba jarinka duka a kaya iri ɗaya, kuma in farashi ya kai inda ka tsara, ka sayar, kada ka jira ƙarshen tsada don babu wanda ya san ranarta. Waɗanda suka ɓoye masara suna jiran ta ƙara tashi sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

KALMA GA 'YAN UWA MATA

Dole in faɗi wannan ko da ba daɗi. Akwai mazan da suke fakewa da "zan taimake ki a kasuwanci" da wata manufa. Ki fara neman mace 'yar uwarki, suna nan da yawa kuma sun ƙware. In namiji ne, iyayenki ko mijinki su san da maganar, a haɗu a wurin sana'a da rana, ba a otal ko gidan da ba kowa ba. Ranar da zancen ya fara sauka daga kan kasuwa, ki tattara ki bar wurin. Babu ilimin da ya kai mutuncinki.

IN KUƊI YA SHIGA TSAKANI, A RUBUTA

Wata rana zai iya ba ka kaya bashi ka sayar ka kawo, ko ya zuba jari a raba riba. Alheri ne, amma a nan zumunci ya fi lalacewa. A rubuta nawa ne, kason kowa nawa, in an faɗi yaya za a yi, yaushe za a zauna lissafi, a sa shaidu. Haka in zaman shago za ka yi, a yi magana tun farko: shekara nawa, kuma me za a sallame ka da shi. Kunya tana hana mu wannan, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mutumin kirki ba zai ji haushi don ka ce a rubuta ba.

Kuma ka sani jagora mutum ne, yana kuskure. Baba Alhaji har yau bai yarda da tallan intanet ba, ni kuwa ta nan nake samun wasu kwastomomin. Ina saurarensa a abin da ya sani, in nemi wani a abin da bai sani ba. Hukuncin ƙarshe naka ne, tunda jarin naka ne. Sannan in ka tsaya da ƙafarka, kada ka janye masa kwastomomi, kada ka fallasa sirrinsa, kada ka daina gaishe shi. Kasuwa tana kallo, kuma yadda ka rabu da ubangidanka haka za a yi maka shaida.

Ni dai ban zama attajiri ba, kada ku ɗauka. Amma na mayar wa tsohuwa kuɗin adashinta, kuma tun daga lokacin ban sake zubar da buhu ko ɗaya ba.

AIKIN WANNAN MAKO

Ka ɗauki biro ka rubuta sana'a ɗaya da kake so. Ka rubuta sunan mutum uku da ka sani suna yinta aƙalla shekara biyar. Ka binciki kowannensu a wajen mutum biyu. Wanda ya fi samun kyakkyawar shaida, ka nemi mai kai ka wajensa kafin Juma'a mai zuwa, da tambaya ɗaya a bakinka. In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce na biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa da kuke bibiyar wannan shafi, don Allah ku buɗe mana ƙofa. Yaro ɗaya da kuka koya wa sana'a, gida guda kuka raya.

Ku rubuto mana a ƙasa: wa ya fara nuna muku hanya a sana'arku, kuma wace magana tasa ce ba ku manta ba? Za mu karanto wasu a shiri na gaba, inda za mu tattauna yadda ake raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Wanda ya amfana ya tura wa wani.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya haɗa mu da mutanen kirki. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.